Matuƙin da Ke Cikin Kwali

Gumel, watan Rajab, 1394

Zuwa ga ɗana Mu'azu ɗan Laure, a barikin sojan sama, Kaduna.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka bana, gero ya kai gwiwa, mutane sun fara sakin fuska, ko da yake wanda farin bara ya cinye wa garke ba ya dariya da duka baki. Gwiwata ce dai take ɗan taɓa ni. Na je suna a Sule Tankarkar na ga mahaifiyarka garau, ta ce in gaya maka ka rage rowar takarda.

Kwalin da ka ba Cindo direba ya iso. Da na ga hoton jirgin yaƙi a bayansa sai na ce Mu'azu bai kyauta ba, mai ciwo ake aiko wa da hoton ciwonsa? Ka san yadda Ilu yake tun da ya dawo daga yaƙi, shekara huɗu ke nan. Ni na goye shi bayan rasuwar iyayensa, na san muryarsa tun tana siririya, amma sai a yi mako ban ji ta ba. Yana zaune a ɗaki fuska ga bango. Babbar mota in ta yi gurnani a hanyar Maigatari sai ya toshe kunnuwa.

Na ajiye kwalin a bakin ƙofarsa na koma kan tsintar wake. Can sai na ji an ce, "Gwaggo, ina matsefatarki?" Wallahi har na waiga ina neman baƙo.

Ashe jirgin a wargaje yake, ƙananan gutsattsarin roba manne a jiki ɗaya kamar 'ya'yan itace a reshe. Ya shimfiɗa farin zane a kan faifai, yana yanko su da reza ɗaya bayan ɗaya, ya kankare gefen, ya ɗiga gam da tsinken tsintsiya. Yanzu a inuwar zaure yake aikin, wai warin gam ɗin yana hawa kai. Jiya ya cinye tuwonsa. Ya ce mini irin wannan jirgin yake gyarawa a can, sunansa Mig, kuma yanzu sun tsufa. Har ya nuna mini inda ya cusa 'yar dalma a hancin, don kada in an gama ya zauna a kan wutsiya. Na ce to, kamar na gane.

Wannan ya zo a kan gaɓa. Yayana Sajo, baffansa na Gagarawa, ya ce haƙurinsa ya ƙare. Akwai wani mai magani a wajensu da ke sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa, yana yi musu turare da bulala. Ya ce in aka sha ruwan Sallah Ilu bai dawo mutum ba, can zai kai shi. Na taɓa leƙa gidan, Mu'azu. Ba zan kwatanta maka ba.

Sai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. A cikin kayan akwai wani ɗan mutum, bai kai gaɓar yatsa ba, a zaune, da hula da fuska da hannuwa a kan cinya. Ilu ya ware shi a murfin kwalba, bai taɓa shi ba tukuna, sai dai ya daɗe yana kallonsa. Ni kuwa abin da na karanta a gaban mahaifina shi ne mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka ajiye sura. Gidan da ke da majinyaci kuwa ya fi kowane gida bukatarsu. Ka gaya mini, dole ne sai da shi?

Gwaggonka, Asama'u.

*

Kaduna, Agusta 1974

Gwaggo Asama'u, ranki ya daɗe.

Na durƙusa na gaishe ki. Muna lafiya, 'yarmu Zinariya ta fara tatata, tana jan duk abin da ta samu. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ajamin nan naki sai da na kira limamin bariki ya taya ni, shi ma ya yi gumi.

Labarin Ilu ya sa na kasa zama. A wani kanti na ga kwalin, na daɗe ina jujjuya shi kafin in saya, ina tsoron abin da kika ji tsoro. Amma na san hannunsa. A filin jirgi ko ogogi in abu ya gagara Ilu suke nema. Mutum irin wannan zaman banza ne yake kashe shi.

Zancen ɗan mutum kuwa, Gwaggo, kada ya hana ki barci. Kayan wasan yara ne, Turawa ke yinsa dubu-dubu. Jirgi ba ya rasa komai don babu shi. Ki yi yadda hankalinki zai kwanta, ke kika fi mu sani.

Za a tura ni Ikko kwas, ban san ranar dawowa ba. Ki gaida Baffa Sajo, ki ce na ce ya ajiye ƙarfensa ya yi garma da shi.

Ɗanki, Mu'azu.

*

Gumel, watan Sha'aban

Ɗana Mu'azu,

Ina gaisuwa, ina tambayar Zinariya da uwarta. Jikina lafiya. Sauran kuma ga shi.

Na karanta takardarka har sau uku, na tsaya a inda ka ce in yi yadda hankalina zai kwanta. Na yi tunanin in ɗauke ɗan mutumin gaba ɗaya, sai na ga ɗaukar abin wani ba da saninsa ba sata ce, ko da allura ce. Sai na tuna abin da malamai suka ce, sura a kai take, in aka cire kai abin da ya rage kamar kututture ne, ba laifi a ajiye shi. Na ga wannan ita ce hanyar da ba ta cuci kowa ba, shi yana da abinsa, gida kuma yana da mala'ikunsa.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci. Ka ji, masallaci, da ƙafarsa, karo na farko tun dawowarsa. Ina jin ya fita na ɗauki rezarsa na yi bisimilla. Bai yi wuya ba, kamar yanke kan tsinke. Na mayar da jikin cikin murfin kwalba yadda yake, kan kuma na ƙulle shi a tsumma na sa a ƙasan kwallata, don ban ga dalilin wulaƙanta shi ba.

Ya dawo yana ba ni labarin wanda ya gani a sahu. Ya ce yau zai yi wa matuƙi fenti, don gangar jirgin ba ta rufuwa sai an zaunar da shi. Ya zauna, ya jawo murfin.

Mu'azu, bai yi ihu ba. Da ya yi da ya fi mini. Rana tsaka, kaji na tono a tsakar gida, shi kuma yana zaune kamar an dasa shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan farin zanen. Can ya taso da abin a tafin hannu, ya zo har inda nake, ya durƙusa. Ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, dubi nan. Me kike gani?"

Na ce, "Roba ce, Ilu."

Ya ce, "Da kai ko babu?"

Ban iya ƙarya ba, gaskiyar kuma na ga kamar in na faɗe ta a lokacin zai fashe a hannuna. Sai na kau da kai na ce, "Ajiye ka zo ka ci abinci."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda likita ya gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya koma ɗaki ya jawo ƙofa.

Tun ranar bai fito zaure ba. Jirgin na nan a kan faifai, ɓari biyu a buɗe kamar ƙwaryar da aka fafe, ba mai taɓawa. Abincin da na ajiye haka nake ɗaukewa. Da hantsi nakan ji yana magana a ciki, ba da ni ba. Yana cewa, "Oga, na ɗaure maka, na duba da hannuna." Sai ya yi shiru kamar mai sauraron amsa.

Wane ne Oga? Me na taɓa? Don girman Allah ka amsa mini da wuri.

Asama'u.

*

Gumel, goman farko na azumi

Mu'azu,

Barka da shan ruwa. Wannan ita ce ta biyu ba amsa. Duk ranar Alhamis nakan aika a tare Cindo in ya dawo daga kasuwar Maigatari, ya ce ba a ba shi komai ba. Ban zarge ka ba, na san aikin soja.

Sajo ya zo. Ya leƙa ɗakin ya fito yana kaɗa kai, ya ce, "Asama'u, tausayinki ne zai kashe yaron nan. Kin bar shi yana wasa da gunki, ga abin da ya jawo." Rabin maganarsa ta same ni ta inda bai nufa ba. Ya ce kwana biyu bayan Sallah zai zo da mota.

Ilu ya rame har wuyansa ya fito. Ba azumi yake ba, ci ne ba ya yi. Jikin ɗan mutumin yana damƙe a hannunsa. Jiya na ga ya buɗe tafin a hankali ya leƙa, ya rufe, ya runtse ido, ya sake buɗewa, kamar mai fatan ya ga wani abu dabam.

Ina ta istigfari, amma ban san sunan laifin da zan nemi gafararsa ba.

Asama'u.

*

Kaduna, Oktoba 1974

Gwaggo,

Jiya na sauka daga Ikko na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ko takalmi ban cire ba. Ki gafarce ni. Da na ce ki yi yadda hankalinki zai kwanta, na ɗauka rufe shi za ki yi da ƙyalle, ko ki ce ya ajiye shi a zaure. Ban kawo reza a raina ba. Laifina ne da na amsa miki da wasa.

Oga wani matuƙi ne, Dogo muke ce masa. Ilu ne mai kula da jirginsa. Shi ke hawa tsani ya ɗaure masa ɗamara a kujera, ya rufe masa gilashi, ya buga gefen jirgin sau biyu da tafi. Tare suke cin abinci, abin da hafsa ba ya yi da ƙaramin soja. Wata rana da damina Dogo ya dawo cikin hadari, jirgin ya zarce ƙarshen fili ya shige ƙarƙashin wayar shinge. Ilu ne ya riga kowa isa. Shi ya hau, shi ya leƙa. Abin da ya gani a kujerar, Gwaggo, shi ne abin da kika ajiye masa a murfin kwalba. Ba zan ƙara a kan haka ba. Mu da muka sani ba ma zancen, shi ya sa ban taɓa gaya miki ba.

Yanzu ga shawarata. Kada ki gaya masa ke ce. Ke kaɗai kika rage masa a duniya, in ya san hannunki ne ban san abin da zai yi ba. Na koma kantin na sayi wani kwali, na ciro matuƙin, ga shi a naɗe cikin takardar nan, lafiyayye. In ya yi barci ki musanya. Zai ga kamar mafarki ya yi ya farka. Ni kuma zan nemi izini in zo kafin Baffa, in an ba ni.

Ki yi mini addu'a, ni na kawo kwalin nan gidanki.

Mu'azu.

*

Gumel, bayan Sallah

Ɗana Mu'azu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na san ba a ba ka izini ba, kada ka damu kanka. Muna raye. Ka zauna ka karanta a natse.

Saƙonka ya iso ana saura kwana uku Sallah. Na kwance naɗin na ga ɗan mutumin da kansa a wuyansa. Na karanta labarin Dogo, na tashi na yi alwala.

Ban bi shawararka ba. Ka yi haƙuri, na san da alheri ka ba da ita. Na zauna da sabon a hannu ina tuna tambayar da ya yi mini. Bai ce wa ya yi wannan ba. Cewa ya yi me kike gani. Ashe shi bai ɗauka an taɓa abin ba. Ya ɗauka lafiyayye ne a idon kowa, shi kaɗai yake ganinsa haka, ni kuma da na kau da kai na tabbatar masa. To in ya farka ya ga kai ya dawo, me zai gaya wa kansa? Sai ya ce lallai idona ne, lallai Baffa ya yi gaskiya. Da hannuna zan miƙa shi ga mari.

Ranar jajibere da hantsi na ciro tsumman daga ƙasan kwalla na shiga ɗakinsa. Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ilu, ka tambaye ni ranar nan ban amsa ba. Babu kai. Ni ma haka nake gani, kowa ma haka zai gani. Ni na cire shi da rezarka kana masallaci." Na kwance ƙullin na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan, bai fi ƙwayar dawa ba. Ya sa yatsa ya taɓa. Ya ce, "Ke?"

Na ce, "Ni."

"Da reza?"

"Da reza."

"Don me, Gwaggo?"

Na gaya masa zancen mala'iku, ina faɗa ina jin kunyar bakina. Na shirya wa komai, Mu'azu, har duka na shirya wa. Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, tana fita tana kakarewa. Ya ce, "Ashe hannun mutum ne. Ashe ba biyo ni ya yi ba." Daga nan kukan ya zo. Na bar shi ya yi, ban ce masa ya yi haƙuri ba. Da ya lafa ya ba ni labarin Dogo da bakinsa, har da abin da kai ka tsallake. Ya ce, "Gwaggo, ina mala'ikun suke ranar nan?" Na ce ban sani ba, amma na san ba a ɗaukar rai sai da su, don haka Dogo ba shi kaɗai ba ne a kujerar kafin ka iso. Ban san ko na faɗi daidai ba. Ya dai nemi kunu.

Sajo ya zo ranar da ya ce, da mota da ƙarti biyu. Ya tarar da Ilu a zaure da faifansa. Ilu ya tashi ya durƙusa ya ce, "Baffa, barka da Sallah, ya hanya?" Sajo ya tsaya da marin a hannu kamar wanda ya zo jana'iza ya tarar da suna. Ya ce, "Kai, ka san ni?" Ilu ya ce, "Na san ka mana, kai ne ka karya mini keke ka ce jaki ne ya taka." Ƙartin suka tuntsire. Sajo bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi ta jan sa da tambayoyi, yau wace rana, wa ya ja sallar Idi, har la'asar. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Na ga sauƙi, amma ciwon nan yana da dawowa." Ya rataye marin a ƙusar zaure ya ce a bar shi nan. Ban iya musa wa yayana a gaban mutane ba. Yana nan a rataye, iska in ta kaɗa ƙofa yakan yi ƙara.

Jiya aka gama jirgin. Ya shafe shi da fenti ruwan toka, ya jiƙa ƙananan tambura a ruwa ya zame su a kan fikafikai da bakin matsefata, yana riƙe numfashi. Na ba shi sabon matuƙin da ka aiko, na gaya masa daga ina ya fito da abin da aka so in yi da shi, don na gaji da ɓoyo. Kada ka ji tsoro, bai yi fushi da kai ba, cewa ya yi Mu'azu har yanzu wayonsa na mai tsaron sito ne, musanya kaya kawai ya sani. Ya jera su biyu a tafinsa yana dubawa. Na ce ya sa wanda yake so, ba zan ƙara cewa komai ba, Allah ya ga larura. Sai ya ce a'a. Ya haɗa gangar, ya ɗiga gam a gefen gilashin, ya rufe shi a kan kujera ba kowa. Ya buga gefen jirgin sau biyu da ɗan yatsa. Ya ce, "Ya sauka, Gwaggo."

Ba zan ce maka ya warke ba. Yau da safe mota ta wuce ya toshe kunnuwa, amma da ta yi nisa ya sauke hannu ya ci gaba da cin ɗumamensa.

Roƙo ɗaya gare ni. Ka aiko mini da sunan Dogo na yanka da sunan mahaifiyarsa, in kuma tana raye, garin da take. Ilu bai iya furta sunan ba tukuna, ni kuma ina so in riƙa ambatonsa daidai bayan salla. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, ban san fuskarsa ba. Amma ranar Juma'a na ɗauki reza zan yanke farce, hannuna ya tsaya a sama, har aka kira salla ban iya saukar da shi ba.

Ka shafa mini kan Zinariya. Allah ya tsare ku, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Gwaggonka, Asama'u.